Allurar wata uku ta ɗauke min haila, in ci gaba ko in bari?

Wata 'yar'uwa daga nan Damagaram ta turo tambaya, ta ce tana da goyo ɗan wata goma, an mata allurar tsarin iyali sau uku, da farko jini ya dinga ɗigo mata ba tsari, yanzu kuma ya ɗauke ɗif, ga jiki ya ƙaru har kayanta sun soma matse ta, uwar mijinta kuma ta ce jinin taruwa yake a mara kuma wadda ta saba da allura ba ta ƙara haihuwa. Lokacin ta huɗu ya kusa, tana son ta san abin yi.

To ƙanwata sannu da goyo, Allah ya raya. Ni sajfam ce, wato ungozomar likita, aikin da nake kenan kullum, awon ciki da karɓar haihuwa da planin, wato tsarin iyali, kuma tambayarki kusan ita ce tambayar kowace mace da ta zauna a bencinmu, sai dai wata ta faɗa da baki wata kuma ta yi shiru ta ɓace ba mu ƙara ganinta ba sai da sabon ciki. Shi ya sa zan ɗan tsawaita, ki yi haƙuri.

Bari in fara da maganar jini tunda ita ta fi tayar miki da hankali. Jini ba ya taruwa, wallahi ba ya taruwa ko cokali ɗaya. Mahaifa kowane wata shimfiɗa take yi wa baƙo, wato ciki, in baƙon bai zo ba sai ta naɗe shimfiɗar ta fitar, wannan shi ne hailar da kike gani. Allurar nan tana hana ƙwai fita, tana sa majinar bakin mahaifa ta yi kauri yadda maniyyi ba zai wuce ba, sannan tana sa bangon mahaifa ya zama siriri, to tunda ba a yi shimfiɗar ba me za a naɗe? Ba wai an toshe hanya jini ya tsaya a baya ba ne, jinin ne ba a haɗa shi ba tun farko, yana nan cikin jijiyoyinki yana miki aiki. Ki duba ma ke da kike shayarwa, mata nawa ne ke shekara ɗaya ko fiye ba su ga haila ba saboda nono kawai, ba allura ba komai, akwai wanda ya taɓa cewa jini ya taru masu? Babu. Kusan rabin matan da suka shekara kan allurar wata uku hailarsu na ɗaukewa, in aka ƙara shekaru adadin na ƙaruwa. In ba ki yarda ba ki je a miki ekografi, wato hoton ciki, ki gani da idonki, mahaifa fayau.

Ɗigon da kika yi a farko ma abin da aka sani ne. Wata uku zuwa shida na farko su ne masu wahala, wata ta ga ɗigo yau gobe babu jibi ya dawo, wata ya yi mata kwana goma ko fiye, kaɗan ne dai ke samun jini mai yawa. Wannan ya fi damun mata fiye da komai, kuma na fahimta, don ba maganar lafiya kaɗai ba ce, maganar salla ce da azumi da shimfiɗar miji, ga wanki ga rashin ruwa a wasu unguwannin. Ta ɓangaren addini a mazhabarmu ta Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, wadda ta san kwanakinta tana ƙara kwana uku a kai in ya zarce, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne ana salla da shi, amma wannan ki zauna da malama ko malamin da kika yarda da shi ya warware miki daidai da halinki, ni nawa fannin jiki ne. Ta ɓangarenmu kuma akwai abin da muke bayarwa in ɗigon ya dame ki, maganin kwana biyar ne yawanci, wani lokaci mu haɗa da ƙwayar planin na ɗan lokaci in goyon ya girma, da maganin ƙarin jini. Kar dai mace ta zauna gida tana shan jiƙo tana zubar da jini. In ya ninka abin da kika saba ko ya wuce kwana 8 yana zuba sosai, ko kina jin jiri, a zo likita a duba, don ba kowane jini ne laifin allura ba, wani lokaci wata cuta ce daban ta ɓuya a bayanta.

Yanzu maganar haihuwa, a nan ne nake son ki natsu don akwai ɗan gaskiya cikin maganar surukarki, sai dai an ja ta ta wuce inda take. Allura ba ta kashe mahaifa, ba ta sa mace ta zama juya. Amma tana da jinkiri. Ƙwaya in kika bari yau wata mai zuwa kina iya ɗaukar ciki, ashanar hannu, wadda ake sakawa ƙarƙashin fatar dantse, in aka cire haka nan, robar da ake sakawa cikin mahaifa ma haka. Allurar wata uku kuwa maganin na zama a jiki yana fita sannu sannu, a matsakaici mace na kai wajen wata goma daga allurar ƙarshe kafin ta samu ciki, wata ƙasa da haka wata ta haura shekara har zuwa shekara ɗaya da rabi. Kuma ba yawan allurar da kika yi ke sa jinkirin ya yi tsawo ba, wadda ta yi sau biyu da wadda ta yi sau goma kusan duk ɗaya ne. To ki ga yadda zancen ke yaɗuwa, mace ta bar allura miji na jiran ciki, wata shida shiru, wata takwas shiru, dangin miji sun soma magana, kishiya na guɗa a zuci, kafin cikin ya zo labari ya riga ya zaga unguwa cewa allura ta kashe mata mahaifa, ranar da ta haihu kuma ba wanda zai koma ya gyara labarin. Akwai kuma waɗanda dama da matsalarsu tun kafin allura, ciwon sanyi da ba a yi magani ba ya toshe hanyar ƙwai, ko shekaru sun ja, ko ma matsalar daga mijin take, amma allura ce mai saukin ɗora wa laifi.

Don haka tambayar da nake wa kowace mace kafin in ɗauko allura ita ce yaushe kike son ciki na gaba. In kin ce nan da wata shida, ba na ba ki shawarar allurar wata uku, gara ƙwaya. Ke kuwa ɗanki wata goma, OMS, hukumar lafiya ta duniya, na ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a sake ɗaukar ciki, Alƙur'ani ma ya ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa, kakanninmu kuma da can mace gidansu take tafiya goyon ciki da wanka ta daɗe saboda gudun rurrutsa. Lissafinki mai sauƙi ne, in kina son ciki ya shiga bayan yaye, kina iya ƙara allura biyu ko uku ki tsaya, jinkirin nan da kansa zai kai ki lokacin.

Allurar ma ba iri ɗaya ba ce, ki duba karnenki, wato katinki na likita, ki ga wacce ake miki. Akwai Depo-Provera mai miligiram 150, ita ake yi a tsoka, dantse ko ɗuwawu, duk sati 13. Akwai Sayana Press, magani ɗaya ne da Depo amma miligiram 104, 'yar ƙarama mai gajeren tsinke da ake yi ƙarƙashin fata a ciki ko gaban cinya, ita ma wata uku, Nijar na cikin ƙasashen farko da aka soma kawo ta a 2014 tare da Burkina Faso da Uganda. Sai Noristerat ta wata biyu, jinkirinta bayan an bari ya fi gajarta, wajen wata shida, kuma ba ta cika ɗauke haila kamar Depo ba, amma zirga zirgarta ta fi yawa. Dukansu babu estrojen a ciki, wato ɗaya daga cikin sinadaran jikin mace da ake sakawa a wasu ƙwayoyin planin, shi ya sa ba sa rage nono kuma mai shayarwa na iya farawa daga sati shida bayan haihuwa, wato daidai an gama wankan jego an yi arba'in.

Ƙarfinta wajen hana ciki babba ne. Wadda ke zuwa randebu, wato ranar da aka sa mata, kan lokaci, cikin mata 100 ko ɗaya ba ta cika samun ciki a shekara ba. Amma yadda mutane ke yi a zahiri, da mantuwa da makara, ana samun wajen 4 cikin 100, kuma kusan duk makara ce ke jawowa. A nan wajenmu na san dalilan, damina ta zo ana gona, ko an yi tafiya biki Magarya ko Matamai an daɗe, ko ba kuɗin kabu kabu, ko an zo an tarar magani ya yanke. Abin da mata da yawa ba su sani ba shi ne akwai rangwame, Depo da Sayana ko kin makara har sati huɗu ana miki ba sai an jira haila ba, Noristerat sati biyu. Kuma in kin san za ki yi tafiya ki zo da wuri, ana iya yi sati biyu kafin lokaci. Abin da ke ba ni haushi shi ne a kori mace a ce sai ta ga jini ta dawo, macen da allura ta ɗauke wa haila ina za ta samo jinin? Haka ake mayar da mata gida su yi ciki. In an wuce rangwamen sai a yi gwajin ciki, a yi allurar, a kiyaye kwana 7 ko a sa kwaroron roba. Ko da ma an yi kuskure an yi allura kan ƙaramin ciki ba ta zubar da shi ba ta nakasa jariri.

Ƙiba gaskiya ce, ba zan ɓoye miki ba. A matsakaici kilo 1 zuwa 2 a shekara, wasu ba sa ƙaruwa ko kaɗan wasu kuma su wuce haka nesa, musamman wadda ta soma ƙaruwa sosai tun wata shidan farko, ita ce ke ci gaba. Yawanci cin abinci take buɗewa. Wasu matan ma murna suke, har akwai masu zuwa neman allura don su yi jiki, wannan kam ba na goyon baya, ba maganin ƙiba ba ce. Ki dinga hawa sikeli duk zuwa a rubuta a karne, ido na ruɗi, kuma mai goyo da ke shan kunun kanwa da fura safe da yamma ba komai za ta ɗora wa allura ba. In kin ga kilo huɗu biyar cikin 'yan watanni kuma abin na damunki, ko a gidanku akwai ciwon sukari, sai a canza hanya.

Sauran ƙananan su ne ciwon kai, jiri, kumburin ciki, nono ya yi nauyi, wata ta ce ranta na yawan ɓaci ba dalili, wata sha'awa ta ragu. Wannan na ƙarshen ba a cika faɗa ba saboda kunya amma yana faruwa kuma yana taɓa zaman aure, a faɗa mana, ba abin dariya ba ne. Matsalar allura a nan ita ce in ta shiga ta shiga, ba a cire ta, sai dai a jira watannin su ƙare, saɓanin ƙwaya da za ki ajiye gobe.

Akwai abu biyu da ba a gani da ido waɗanda nake ganin haƙƙinki ne ki sani. Na farko ƙashi. Depo na rage ƙarfin ƙashi kaɗan kaɗan muddin ana yinta, don tana saukar da estrojen na jiki, in aka bari yawanci yana dawowa cikin 'yan shekaru. A Amurka tun 2004 hukumar magungunansu ta sa gargaɗi a kwalin cewa kar a wuce shekara biyu sai in babu wata hanyar da ta dace, OMS kuma ba ta sa iyaka ba ga mace mai shekara 18 zuwa 45. Ni abin da nake yi, yarinya ƙarama da aka aurar tana sha biyar sha shida wadda ƙashinta bai gama ginuwa ba, da macen da ta haura 45, nakan fi karkata su ga wata hanyar in za su yarda, in kuma allurar kaɗai ke yiwuwa to a yi, don cikin da zai zo wa 'yar sha biyar ya fi wannan haɗari nesa ba kusa ba. Nono da kindirmo da zogale da riɗi da ƙananan kifi su ne abincin ƙashi, kuma duk muna da su. Na biyu, a 2024 wani bincike a Faransa ya nuna matan da suka wuce shekara kan wannan allura sun fi saura samun wani ƙari da ke fitowa a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, wajen ninki biyar. Kar ki firgita da ninki biyar ɗin, ciwo ne da ba kasafai ake samu ba tun asali kuma yawanci ba kansa ba ne, amma dalili ne da zai sa wadda ke son hutun shekara biyar ko ta gama haihuwa ta yi tunanin ashana ko roba maimakon ta yi ta allura shekara da shekaru. Ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani ya canza, ko farfaɗiya, wannan ba a jira randebu.

Maganar sida da aka yi ta yi a da cewa allura na ƙara kamuwa, an yi babban bincike mai suna ECHO a Afirka ta Kudu da Kenya da Zambiya da Eswatini, sakamakon ya fito 2019, ba a ga wani bambanci mai yawa tsakanin masu Depo da masu roba da masu ashana ba. Sai dai ki sani allura ba ta kare ki daga sida ko ciwon sanyi, ciki kaɗai take hanawa.

Alfanun ta kuma ba hana ciki kaɗai ba. A garin da rabin matan da ke zuwa awo za ki buɗe idonsu ki gan shi fari fat, hailar da ta ɗauke riba ce, jini ne ya zauna a jiki. Masu ciwon mara mai tsanani lokacin haila suna samun sauƙi. Tana rage haɗarin kansar bangon mahaifa. Masu emasi, wato sikila, da yawa ciwon na rage tashi musu, shi ya sa tana cikin abin da muke fara ba su. Ba ruwanki da tuna ƙwaya kowane dare ga yara ga girki, sau huɗu a shekara an gama. Mai shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya da ke raunana ƙwaya, Depo ba ta raunana. Kuma a likitar gwamnati kayan planin kyauta ne a ƙasar nan, ko a CSI, wato cibiyar lafiya ta unguwa ko ta gari, ko a kaz da sante, ƙaramar likitar ƙauye. Akwai kuma sirri, ba wanda zai ga kwali ƙarƙashin katifa, na san mata da yawa saboda wannan suka zaɓe ta kuma ba na tona asirin kowa, amma in da hali a yi magana da maigida ya fi kwanciyar hankali, ɗigon jini ba ya ɓoyuwa ga miji, gara ya san dalili tun farko. A jiharmu ta Damagaram ma aka fara makarantar mazaje, inda maza ke zama su tattauna lafiyar matansu, kuma na ga mazan da da kansu suke tuna wa matan ranar allura.

Waɗanda ba na yi wa: mai kansar nono ko wadda ta taɓa yi, mai tansiyo, wato hawan jini, da ya kai 16 kan 10 ko ya wuce, wadda ta taɓa shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya, mai ciwon hanta mai tsanani, mai sukari da ya daɗe ya taɓa ido ko ƙoda, mai gudan jini a jijiyar ƙafa, da wadda ke zubar jini ba a san dalili ba sai an bincika tukuna. Shi ya sa nake roƙon mata ku bar sayen allura wajen masu tallar magani a faranti ko a kasuwa a ba wani yaro ya caka muku. Ba a auna tansiyo ba, ba a san ranar da ta lalace ba, ta sha rana tun daga bakin iyaka. Zafin watan huɗu da biyar a garin nan na wuce 40, maganin kuwa ana son ya zauna ƙasa da 30. Wadda aka koya wa yin Sayana da kanta aka ba ta ta tafi da ita gida, ta nemi wuri mai sanyi a ɗaka nesa da madafa da hannun yara, ta girgiza ta sosai kamar daƙiƙa 30 kafin ta yi, ta matsa a hankali, kuma kar a murza wurin bayan an yi, ko wacce iri ce.

Ke dai a abin da kika faɗa min ban ga abin tsoro ba, ɗigon farko ya wuce, ɗaukewar haila ba ciwo ba ce, ƙibar ce kawai za a sa wa ido. In ni ce ke zan je in yi ta huɗu ranar da aka rubuta, in sa a auna tansiyo da kilo, in tambayi sajfam ɗin ta lissafa min daga yaushe zan tsaya in ina son ciki bayan yaye. In kuma hankalinki ba zai kwanta ba sai kina ganin jini duk wata, wannan ma dalili ne mai kyau, ɗanki ya wuce wata shida don haka kina iya komawa ƙwaya mai haɗi, wato mai estrojen a ciki, ko robar mahaifa mai jan ƙarfe, a fara ranar da allurar ta kamata kar a bar tazara, amma ki sani ko kin canza hailar na iya ɗaukar watanni kafin ta daidaita. Ita kuma Inna surukarki kar ki yi musu da ita, ki ce ta raka ki likita ran awon yaro, mu mun saba magana da su.